Igiya, duwatsu da furanni: binciken Farfesa Frank Neuner kan jinyar firgici

Laccar da aka gabatar a birnin Katsina a gaban ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da ɗalibai, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya; malamanmu, Allah ya gafarta muku; 'yan uwana ma'aikatan lafiya da ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Babu wanda ke cikin wannan zaure da yake buƙatar a gaya masa abin da mutanen Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari suka gani a hannun 'yan bindiga, kuma duk muna tuna daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Idan wanda aka yi garkuwa da shi ya dawo gida, mukan yi masa barka, mu duba raunin ƙafarsa, mu ce masa ya yi haƙuri ya manta. Maganata a yau ita ce akwai raunin da ba ya warkewa da mantuwa, kuma akwai masanin halayyar ɗan Adam da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen nuna cewa wannan rauni yana da magani, ko da a wurin da babu likita.

Frank Neuner Bajamushe ne. Ya fara bincikensa a Jami'ar Konstanz tare da Farfesa Thomas Elbert da Dakta Maggie Schauer, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bielefeld. A lokacin da suka fara, ciwon firgici da ke biyo bayan masifa, wanda likitoci ke taƙaitawa da PTSD, sananne ne, domin tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya shi cikin kundinta, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Sai dai hanyoyin jinyar da ake da su an tsara su ne domin mutumin da masifa ɗaya ta same shi, kamar haɗarin mota, kuma yana da asibiti kusa da shi. Ɗan gudun hijira kuwa an ƙone masa gari, an kashe ɗan uwansa a gabansa, ya kwana a daji da yunwa, an kuma yi masa duka a hanya. Wacce daga ciki za a ce masa ya zaɓa? Binciken da Neuner da abokan aikinsa suka yi a arewacin Yuganda ya nuna cewa masifu taruwa suke yi: duk yadda ire-iren abin da mutum ya fuskanta suka ƙaru, haka yiwuwar kamuwarsa da ciwon take ƙaruwa, har a kai matakin da kusan babu mai tsira, komai ƙarfin zuciyarsa. Ina so iyaye maza su riƙe wannan batu, domin yana nufin wanda ya kasa barci bayan ya fito daga daji ba rago ba ne, ba kuma raunin imani ke damunsa ba.

Bayanin da suka bayar game da yadda ciwon yake aiki shi ne ginshiƙin komai. A lokacin tsananin razana, ƙwaƙwalwa takan riƙe ƙara da wari da bugun zuciya da tsoro da ƙarfin gaske, amma ta kasa ɗaure su da wuri da lokacin da abin ya faru. Ku ɗauki matar da aka kai wa ƙauyensu hari a kan babura da daddare. Yau tana zaune lafiya a gidan ƙanwarta a Katsina, tana tankaɗen gari, sai 'yan acaɓa uku suka wuce ƙofar gida a jere. Nan take gabanta ya faɗi, rariya ta suɓuce daga hannunta, ta sure yaro ta nufi bayan ɗaki, domin a wurin jikinta harin bai wuce ba, yanzu yake faruwa. Mutanen gida sai su ce iska ce ta taɓa ta. Ita kuma ta daina fita, ta daina zancen, kuma wannan gujewar ce take hana ƙwaƙwalwa samun damar mayar da abin inda ya dace, wato cikin abin da ya riga ya shige.

Hanyar da suka ƙirƙiro, wadda ake kira NET, jinya ce ta ba da tarihin rayuwa. Sun haɗa dabarar fuskantar abin tsoro sannu a hankali da wata dabara da masana suka yi amfani da ita a ƙasar Cile zamanin mulkin soja na Janar Pinochet, inda waɗanda aka azabtar suke ba da shaida a rubuta musu. A zaman farko ana shimfiɗa igiya a ƙasa: bakinta ɗaya ranar haihuwa ne, ɗaya bakin kuma a bar shi a naɗe, domin shi ne sauran rayuwar da ba a kai ba. Majinyaci zai ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, kamar saukar karatu ko aure ko haihuwar ɗan fari, ya ɗora dutse a kan kowace masifa. A zaman da ke biyo baya sai a bi igiyar daga farko, idan an iso dutse a tsaya, mai jinya ya riƙa tambaya cikin natsuwa: wace rana ce, damina ce ko rani, ina kike tsaye, me kika gani, me kika ji a jikinki a lokacin, me kike ji yanzu da kike zaune a nan? Ba a tashi daga zaman sai labarin ya kai inda haɗarin ya wuce kuma tsoron ya sauka. Ana rubuta komai, a karanta wa majinyaci ya gyara, a ƙarshe a miƙa masa tarihinsa a rubuce.

A 2004 suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a sansanin Imvepi na Yuganda da 'yan gudun hijirar Sudan 43. Bayan shekara ɗaya, kashi 29 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka yi zama huɗu na wannan jinya suke da sauran ciwon, alhali a cikin waɗanda aka yi wa nasiha da lallashi kashi 79 ne, a cikin waɗanda aka yi wa bayanin ciwon kawai kuma kashi 80. Mutum 43 ba su da yawa, kuma mai ilimi ba ya yanke hukunci da gwaji ɗaya, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci a wurina. A 2008, a sansanin Nakivale na Yuganda, sun horar da 'yan gudun hijira da kansu na tsawon mako shida, suka yi jinyar 'yan uwansu na Ruwanda da Somaliya, aka kuma ga sauƙi a fili idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa jinya ba. A 2011 aka sake gwadawa da matasa 85 da 'yan tawaye suka taɓa sacewa suka mayar sojoji a arewacin Yuganda. A Siri Lanka kuma, bayan ambaliyar teku ta 2004, malaman makaranta aka horar suka yi aikin da yara.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da ake rikici yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma likitocin wannan fanni da muke da su a Najeriya ba za su taɓa isa kowane ƙauye ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ta buɗe hanyar kai wannan kulawa cikin al'umma, amma doka ba ta zama da majinyaci a kan tabarma.

Dole in ja kunne a kan abu guda. Kada wani ya fita daga nan ya je ya titsiye yaron da ya dawo daga daji ya ce sai ya ba da labari a gaban dangi. Mutane da yawa suna samun sauƙi da kansu cikin makonni idan sun sami abinci da barci da kwanciyar hankali da dangin da ba sa tsangwamar su, kuma addu'a da jajen maƙwabta suna da babban matsayi a nan. Jinyar da na bayyana ta wanda ciwon ya zauna masa ce fiye da wata guda, ana yin ta da yardarsa, a asirce, a hannun wanda aka horar kuma yake da ƙwararre a bayansa. Haka kuma ƙwayoyin sa barci da ake saya a kemis ba magani ba ne. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan amfani da su domin wannan larura.

Abin da nake roƙon masu iko da jami'o'inmu shi ne a zaɓi ma'aikatan lafiya na matakin farko da malaman makaranta daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa, a tabbatar da cewa akwai mata da yawa a cikinsu, domin matar da aka ci zarafinta a daji da wuya ta buɗe baki a gaban namiji, a horar da su cikin harshen Hausa da Fulfulde, sannan a auna sakamakon bayan shekara ɗaya kamar yadda aka yi a Imvepi, mu ga ko abin da ya yi aiki a Yuganda zai yi aiki a Batsari.

Na gode, Allah ya ba mu zaman lafiya.