Katin zaɓe ya biyo ni har ɗaki a Bradford

Salamu alaikum mutanen Zazzau, musamman 'yan teburin mai shayi na Tudun Wada. Ku dubi abin da ke hannuna. Na dawo daga aikin dare ke nan, ido jawur, sai na tarar an zuro wannan kati ta ramin ƙofa. Ga sunana ɓaro-ɓaro, ga inda zan je in kaɗa ƙuri'a. Ni fa, ɗan Ƙofar Doka, da koren fasfona! Dokar Birtaniya ce haka: ɗan ƙasar renon Ingila, muddin yana da izinin zama, to yana da ƙuri'a, har a zaɓen 'yan majalisa. Rajistar ma a waya na yi ta, shayina bai huce ba na gama. Ranar Alhamis suke zaɓe, fensir ake miƙa maka ka yi alama, ba tawada a yatsa, ba soja a kan titi.

Ina cikin murna sai takaici ya kama ni. Ƙasata ba ta yarda in zaɓi ko kansila daga nan ba. Kuɗin da nake turawa duk wata yana isa Zariya lafiya lau, ƙuri'ata ce ba ta da hanya.

Amma kada wani ya ce aljanna na faɗo. A ƙarshen Yulin 2024 wani matashi ya kashe yara mata uku a Southport. Kafin gari ya waye an cika intanet da cewa Musulmi ne mai neman mafaka, alhali a Cardiff aka haife shi. Aka yi wa masallaci ruwan duwatsu, aka nemi ƙona otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham. Mako guda ban sa hula ba, wallahi. Wanda ya tashi a jihar Kaduna ya san wannan warin: jita-jita tukuna, sannan a fara tambayar "su waye?"

Maƙwabcina wani dattijon Bature ne, a masaƙar ulu ya ƙarar da ƙuruciyarsa har aka rufe ta. Yana cikin kashi 52 da suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, kuma bakinsa ba ya gajiya da cewa baƙi sun yi yawa. Shi ne kuma ke karɓar mini saƙo in ba na nan. In yana hira kamar baffana nake ji, wanda ya yi aiki a masaƙar Kakuri kafin atamfar Sin ta kashe musu kasuwa. Ciwonsu ɗaya. Shi dai na nan an nuna masa ni an ce ga mai laifi, ni da rabin albashina ke tafiya a hayar ɗaki ɗaya, fam 500, ban da wuta.

Sai kuma Kemi Badenoch, shugabar jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wadda ta girma a Legas. Ta fito ta ce ita Bayarbiya ce, ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, har da ambaton Boko Haram. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Garin da ke da jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 za a yi wa kuɗin goro?

To amma da na huce sai na tuna abokina na Sabon Gari. A can aka yanke masa cibiya, kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Da ya je neman takardar shaidar asali aka ce ya tafi garin kakansa, garin da bai san ko hanyar tasharsa ba. Mu muka yi masa haka, ba Kemi ba.

Kai da ke shirin zuwa, ka kiyayi yatsanka. A rikicin nan na 2024 an ɗaure mutane kan abin da suka rubuta a Facebook kawai, kuma kai bizarka ce za ta tafi. Ka yi rajista, ka tafi da fasfonka ranar zaɓe, don yanzu sai da shaida mai hoto.

Bari in kwanta, ƙarfe takwas zan koma aiki. Wanda zai taho cikin watan nan ya riƙo mini daddawa da kuka.