Yadda kaburburan sojojin Tarawa suka ɓace

Tun da wani hoton makabartar sojojin Amurka a Tarawa ya fara yawo ake ta tambaya ɗaya: ga makabarta tsaf, ga fararen gicciye a jere, kowanne da suna, to yaya za a ce gawarwakin sun ɓata?

Ku dubi wurin tukuna. Betio ke nan, a Tarawa ta ƙasar Kiribati, can tsakiyar tekun Pasifik. Tsibiri ne ɗan tsigil, bai kai murabba'in kilomita 2 ba. A nan sojojin ruwan Amurka suka gwabza da na Japan daga 20 zuwa 23 ga Nuwamba 1943. Cikin awa 76 Amurkawa wajen 1,000 sun kwanta dama.

Ga zafin rana, gawa kuma ba ta jira. Sai aka haƙa dogayen ramuka, aka jera su kafaɗa da kafaɗa, aka rufe, aka kafa alama.

To ku natsu, nan ne gizo ke saƙar. Yaƙi bai ƙare ba, ana gaggawar faɗaɗa filin jirgin sama. Injiniyoyin soja suka shigo da katafila, suka shimfiɗa hanyoyi, alamomin farko suka tuge. Daga baya aka ƙawata makabartun don girmama mamatan, aka jera sababbin gicciye a layi mai kyan gani, ba tare da bin inda ramukan suke ba. Gicciyen da ke cikin hoton nan, mai yiwuwa yashi ne zalla a ƙarƙashinsa, mai sunan kuma yana can gefe, hanya ta bi ta kansa.

Shi ya sa tawagar da ta zo kwashe su a 1946 ta yi ta haƙa a banza. Wajen rabi ta samu. Waɗanda ba a gane ba aka binne su a Honolulu ta jihar Hawaii a Amurka babu suna. A 1949 aka ce sauran ba za su samu ba. Ni dai ina ganin an yi saurin rufe maganar, alhali iyayensu na raye suna jira.

Sai a 2015 ƙungiyar History Flight, mai neman gawarwakin sojojin Amurka da suka ɓace, ta gano ramin da ake kira Makabarta ta 27, da gawarwaki sama da 30. Cikinsu har da Laftanar Alexander Bonnyman, wanda haƙoransa suka taimaka aka gane shi, jikansa kuma yana bakin ramin a ranar. An mayar da shi Knoxville a jihar Tennessee.

Yau Betio cunkushe take da gidaje, kuma ɗaruruwan sojoji na nan a ƙarƙashinsu, ana ci gaba da nema.