Jidda: Kuɗin Suna Nan, Hanyar Samunsu Ce Ta Canza

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Jidda za mu shiga, amma ta ƙofar kasuwa. Tambayar da 'yan uwa ke yawan aiko mini daga Kano da Damagaram, har da na nan Makka, ita ce: wai har yanzu ana samu a Jidda kuwa? Ana samu ƙwarai. Sai dai hanyar da iyayenmu suka bi suka samu tana rufewa, kuma wanda bai gane haka da wuri ba zai yi asara.

Jidda muhafaza ce a ƙarƙashin yankin Makka. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 3.7, Riyad kaɗai ta fi ta jama'a. Arzikinta kuwa daga teku ya taso. A shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman bin Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya dawo da tashar jiragen ruwan Makka daga Shu'aiba zuwa nan. Tun daga lokacin, alhaji da fatake ƙofa ɗaya suke shigowa. Manyan ƙugiyoyin da ke ɗaga kwantena a bakin tekun, a tashar Jidda ta Musulunci suke, wadda ita ce mafi girma a gaɓar Bahar Maliya ta Saudiyya. Shinkafar Indiya, yadin Sin, motocin Japan, ragunan Sudan da Somaliya da ake yanka hadaya da su, da yawansu nan suke sauka kafin su bazu cikin ƙasa. Shi ya sa da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023, manyan kamfanonin jiragen ruwa suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, 'yan kasuwar Jidda sun ji a jikinsu. Kaya suka riƙa jinkiri, kuɗin dako ya tashi.

Garin 'yan kasuwa ne tun fil azal. Gidaje irin su Bin Ladin da Bin Mahfuz da Bugshan asalinsu Hadramaut ta ƙasar Yaman ne, baƙi ne da suka zo da ɗan abin hannunsu suka kafu. Majalisar 'yan kasuwar Jidda, wadda aka kafa a 1946, ita ce ta farko a ƙasar. Bankin Ahli nan aka haife shi a 1953. Kamfanin Abdul Latif Jameel ya fara dillancin Toyota a 1955. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya buɗe a 1975, har gobe hedikwatarsa nan take, haka ma kamfanin jirgin Saudia.

Amma a faɗi gaskiya, Riyad ta janye kaso mai tsoka. Ofisoshin jakadanci sun koma can tun shekarun 1980. Da Bankin Ahli ya haɗe da bankin Samba a 2021, hedikwatar sabon bankin Riyad ta tafi. Abin da Riyad ba za ta iya ɗauka ba shi ne teku da Harami. A Hajjin 2024 mutum sama da miliyan 1.8 suka tsaya Arfa, gwamnati kuma tana son masu Umra daga waje su kai miliyan 30 a shekara nan da 2030. Jirgin ƙasan Haramain da ya fara aiki a 2018 ya haɗa Makka da Jidda da Madina. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan zai ci, zai kwana, zai sayi tsaraba.

To, mu shiga Balad, tsohon garin Jidda, mu ga yadda abin yake a ƙasa. Ga wata Hajiya 'yar Kano-Jidda a shagon abayoyi kusa da Bab Sharif. Ta ware dozin-dozin, ta taya, mai shago ya yi albarka, suka daidaita. A da shi ke nan, a ƙirga kuɗi a ɗaure kaya, wani lokaci ma a ba ta bashi sai ta dawo Umrar azumi. Yanzu mai shago sai ya buga mata fatura, wato rasit, daga na'ura, da ɗan tambarin nan mai murabba'i da ake haskawa da waya, domin tun Disamban 2021 hukumar zakka da haraji ta wajabta faturar lantarki. A ƙasan takardar akwai harajin kaya. An fara shi da kashi 5 a Janairun 2018, aka ninka shi uku zuwa kashi 15 a Yulin 2020. Abayar riyal 100 ta koma 115 kafin a je wajen awon kaya.

Wannan ma mai sauƙi ne a kan canji. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 dala ɗaya. Ita kuwa naira, da aka sake ta a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai shago bai ƙara ko sisi ba, amma jarin Hajiya ya tsuke. Ga kuma masu kawo irin kayan nan kai tsaye daga Sin da Dubai zuwa Kantin Kwari.

Mazauna kuma nasu nauyin daban ne. Mai iƙama, wato takardar izinin zama, yana biyan kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. An fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai 400 a 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata, 24,000 a shekara, bai biya haya ba, bai sayi shinkafa ba. Sana'o'i da dama kuma an keɓe wa 'yan ƙasa, shagunan waya tun 2016, wasu rukunonin shaguna 12 a 2018.

Sai rusau. Daga ƙarshen 2021 aka rushe unguwanni kusan 60 a Jidda, ciki har da Ghulail da Petromin da Karantina da Sabil, wuraren da Hausawa suka yi shekara da shekaru a ciki. Hukuma ta ce unguwanni ne marasa tsari, za a sake gina su. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da gidajen aka tafi da kasuwa. Mai tuwo da miyar kuka, tela, mai tsire, mai kitso, duk abokan cinikinsu maƙwabta ne, kuma maƙwabtan sun watse, haya ta yi tsada a inda suka koma. A gefe guda manyan ayyuka na tashi. An sanar da aikin gine-ginen da ake kira Tsakiyar Jidda a Disamban 2021, na riyal biliyan 75 a bakin teku. Dogon benen Jidda da ake son ya haura mita 1,000, wanda aikinsa ya tsaya a 2018, an ci gaba da shi. Akwai aikin yi a ciki, amma na mai takarda ne da mai sana'a a hannu.

Yanzu ga abin da nake roƙon ku saurara da kyau. Da yawan mutanenmu shagonsu da sunan wani ɗan ƙasa yake. Jari naka, wahala taka, rajista tasa, kana ba shi wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, sannan a kori baƙo daga ƙasar. Da can kuɗi hannu da hannu ne, ba mai gani. Yau ciniki da kati ake yi, kowane riyal yana barin sawu a banki. Kuma ko hukuma ba ta kama ka ba, ranar da mai sunan ya rasu, magada rajista za su duba, ba amanar da ke tsakaninku ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Halastacciyar hanya tana nan, ko da yake tana da tsada. Baƙo na iya yin rajista da Ma'aikatar Zuba Jari ya mallaki kamfaninsa, ya biya harajin riba na kashi 20. Mutum ɗaya ba lalle ya iya ba, amma 'yan kasuwa goma da suka yarda da juna za su iya haɗa jari, musamman a harkar dakon kaya zuwa Kano da Yamai, da hidimar alhazai, inda jin Hausa da Larabci tare babban jari ne. Masu sarin kaya da yawa kuma ku tambayi dilan ko zai fitar muku da su da takardun kwastan da sunansa, domin a doka kayan da aka fitar waje ta wannan hanya harajinsu sifili ne. A kan kayan riyal 50,000, riyal 7,500 ke nan ya rage a aljihunku.