Yadda Yis Ke Shiga Jinin Bakwaini

Iyaye da yawa sun tsorata bayan labaran da ke yawo game da cutar yis mai kashe jarirai, har wasu mata suka fara kai jariransu asibiti saboda farin abin da ke fitowa a harshe. Wannan farin abu, wanda wani yis mai suna Candida ke haddasawa, ya zama ruwan dare kuma yana warkewa da magani. Cutar da ake magana a kanta ta daban ce, domin ita tana faruwa ne a cikin jini, kuma galibi a ɗakin da ake kwantar da bakwaini a kwalba.

Akwai wata siririyar roba da ake zurawa ta cibiyar bakwaini zuwa jijiyar jininsa. Ta nan ake ba shi abinci, saboda hanjinsa bai yi ƙarfin karɓar nono ba, kuma a cikin abincin akwai wani farin ruwa mai maiƙo. A nan ne mutane ke rasa fahimta. Yis ɗin da ake kira Malassezia furfur yana zaune a fatar kusan kowane babba ba tare da ya yi masa illa ba, amma maiƙo shi ne abincinsa. Idan ya hau robar daga hannun mai kula da jariri, sai ya tarar da abinci yana gudana dare da rana, ya manne a cikinta, ya hayayyafa, daga nan ya bi ta kai tsaye zuwa jini. Jaririn sai ya riƙa ɗauke numfashi, bugun zuciyarsa ya ragu, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su yi ƙasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gwajin jini na yau da kullum kan iya fitowa babu komai, saboda wannan yis ba ya girma a ɗakin gwaji sai an zuba masa mai. Shi ya sa masu gwaji ke ɗiga man zaitun mai tsabta a kan faranti idan likita ya yi zarginsa, kuma sai likita ya faɗa musu tun farko.

A wani asibiti a jihar New Hampshire ta Amurka, jarirai 15 sun kamu da wani ɗan'uwan wannan yis mai suna Malassezia pachydermatis tsakanin 1993 da 1995, kuma binciken da aka wallafa a 1998 ya danganta shi da karnukan da wasu ma'aikata ke kiwo a gida. Bayan an tsaurara wanke hannu, cutar ta daina yaɗuwa.

Magani yana farawa da cire robar da dakatar da ruwan maiƙon, sannan a ba da maganin kashe yis mai suna amphotericin B idan likita ya ga bukata. Uwar da jaririnta ke kwalba tana da haƙƙin tambayar duk wanda zai taɓa shi ko ya wanke hannu.