Bidiyon da aka ɗauka a tsaye, in ya je talabijin

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan birnin Kano. Anti Hadiza, ke kika kawo maganar yau.

Hadiza: Ni ce. Kusan kowane biki yanzu, daga kamu har dina, da waya a tsaye ake ɗauka, saboda TikTok da sitatus ɗin WhatsApp. Sai an zuba a filas an kai talabijin don iyaye su gani, a tarar mutane sun kwanta ta gefe, ko kuma baƙi ya cinye dama da hagu. Malam Bashir, kai da ke tace bidiyo a Zoo Road, juyawa ce maganin?

Bashir: Wani lokaci ita ce, wani lokaci a'a, don matsala biyu ce mutane ke haɗawa. Ta farko: ko a tsaye kika riƙe wayar, yawanci a kwance take ajiye hoton, sai ta rubuta 'yar alama cikin fayil ɗin MP4 cewa a juya shi digiri 90 wajen nunawa. Waya na karanta alamar. Wasu talabijin da majigi ba sa karantawa, shi ya sa amarya ke fitowa a kishingiɗe.

Aminu: Ashe bidiyon lafiyarsa ƙalau.

Bashir: Ƙalau. A buɗe shi a manhajar tace bidiyo irin su CapCut ko InShot, ko HandBrake a kwamfuta, a sake fitar da shi, juyawar ta zauna a jikin hoton. Masu juyawa a manhajar kallon bidiyo ta VLC su sani, a wajen kallo kaɗai ya juya, fayil ɗin na nan yadda yake sai an sake fitar da shi.

Hadiza: To baƙin gefen fa? Shi ya fi ci mini rai.

Bashir: Wannan juyawa ba ta taɓa shi. Bidiyon tsaye 9:16 ne, faɗi 1080 tsawo 1920, talabijin kuwa 16:9. Kin ga abin da zai cika bai wuce kashi ɗaya cikin uku na allon ba. Kika juya don ya cika, mutanen ne za su kwanta.

Aminu: Sai a zuƙo shi ya cika mana, Malam.

Bashir: Nan ne ba na yarda. Ka zuƙo, ka zubar da kusan kashi biyu cikin uku na tsawon. Ɗaurin ɗankwalin da aka ɓata lokaci a kai ya tafi, lallen ƙafa ya tafi, abin da ya rage kuma ya dushe a babban allo. Ni gara in bar hoton cikakke a tsakiya, in shimfiɗa kwafinsa mai hazo a baya, kamar yadda gidajen talabijin ke yi. Ko a jera bidiyo uku gefe da gefe, tunda allon zai ɗauka.

Hadiza: Abin da nake roƙon 'yan uwa mata ke nan: a sa mutum ɗaya ya riƙe wayarsa a kwance tun daga farkon taro, domin tsofaffinmu a talabijin suke kallo, idonsu ba ya jure ƙaramin allo. Kada kuma a juya waya ana tsakiyar ɗauka.

Bashir: Haka ne. Kuma in za ku turo mana mu gyara, ku turo ta WhatsApp a matsayin dokumen, kada ya matse shi kafin ya iso.