Darasi: Yadda Ake Ɗora Allon Taswira da Na'urorin Tuƙi a Gaban Sitiyarin Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau aikinmu a bakin sitiyari yake. Ga kayan nan a shimfiɗe: allon taswira mai inci 9, wato na'urar da ke nuna taswira da inda jirgi yake, ƙananan alluna biyu, ɗaya na iska, ɗaya na zurfin ruwa da gudu, sai akwatin roba da za su zauna a ciki. Injin huda kuwa a ajiye shi gefe tukuna. Kwali da almakashi da tef ɗin takarda za mu fara ɗauka.

Ku yanka kwalin daidai girman akwatin, har da kaurinsa, ku manna shi inda ranku ya ba ku. To, yanzu ku tsaya a bayan sitiyari kamar kuna tuƙi. Kuna ganin goshin jirgi? Kuna ganin kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, ba tare da kun leƙa ba? Ku juya sitiyarin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, hannu a dunƙule, ku ga ko ƙashin yatsa zai bugi kwalin. Ku tura hannun giya gaba har ƙarshe. Sannan ku ja igiyar babban ƙyallen iska ta ratsa daga hagu zuwa dama, domin ranar da iska ta juya ƙyallen ba shiri, igiyar nan in ta saƙale kusurwar akwati, tumɓuke shi za ta yi gaba ɗaya.

Kada ku manta, mai tuƙin irin wannan jirgi ba a tsakiya yake wuni ba. Jirgi na karkacewa, mutum ya koma gefen da iska ke fitowa ya zauna. Saboda haka ku zauna a dama, ku zauna a hagu, ku duba. Ku haɗa wa allon wuta na wucin gadi, ku sa tabaran da kuke tuƙi da shi. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa yakan mayar da wasu alluna baƙi ƙirin in aka kalle su a karkace, kuma gara a gano haka yanzu.

Ni a ganina, ƙananan allunan iska da zurfi sun fi amfani a saman ƙofar shiga ciki, inda kowa ke ganinsu, har mai jan igiya. Allon taswira ne ya kamata hannun matuƙi ya kai gare shi. In kuna da zaɓi, ku ɗauki mai maɓallai ban da shafawa, don jiƙaƙƙen allo ba ya jin yatsa yadda ya kamata.

Mu zo kan kamfas, domin a nan ne aka fi yin ɓarna ba a sani ba. Kamfas ɗin da ke kan ginshiƙin sitiyari da maganaɗisun duniya yake aiki, ba ruwansa da batir, shi ne abin da zai rage muku in wuta ta ɗauke. Allon taswira kuma yana da ƙarfe a ciki, yana da wuta mai gudana, wasu ma da ɗan maganaɗisu a murfin katin taswira ko a murfin rana. Kowane kamfani yana rubuta tazarar da za a bari tsakanin na'urarsa da kamfas. Ku nemo lambar nan a littafin na'urar, ku auna da tef. Amma a kan ginshiƙi wuri ya yi kaɗan, sau da yawa ba a samun tazarar cif, don haka sai an gwada.

Ga yadda ake yi. Jirgi a ɗaure, ba ya motsi. Ku karanta kamfas, ku rubuta. Ku kawo allon a kashe, ku riƙe shi daidai wurin da zai zauna, ku sake karantawa. Ku kunna shi, ku ƙure haskensa, ku sake dubawa. Sai kuma abin da mutane da yawa ke tsallakewa: a juya jirgin a maimaita. In kun gwada goshi yana fuskantar arewa, ku sake yana fuskantar gabas. Dalili shi ne, in jan da na'urar ke yi ya zo layi ɗaya da jan duniya, kamfas ba zai motsa ba, sai ku ɗauka lafiya lau, alhali a wata fuskar zai karkata sosai. Kuskuren digiri 1 yana kauce da jirgi kusan mil 1 a tafiyar mil 60. Digiri 5 kuwa, ku lissafa da kanku. In kamfas ya motsa, a ɗaga akwatin sama, a ƙara tazara. Lasifika da makirufon rediyo kada su kusanci wurin ko kaɗan. Kusoshin da za ku yi aiki da su ma ku kara musu maganaɗisu. Wanda ya manne da ƙarfi, a cire shi. Sitenlas lamba 316 ake so.

To, wuri ya tabbata. Akwatin zai hau wannan bututun kariya mai lanƙwasa da ke gaban sitiyari. Kafin ku sayi akwati ku auna abu biyu: kaurin bututun, wanda yawanci inci 1 ne, ko 1 da ɗaya bisa takwas, ko 1 da kwata, da kuma tazarar ƙafafunsa biyu daga tsakiya zuwa tsakiya, yawanci inci 9 da rabi ko inci 12. Kamfanoni irin su NavPod da Scanstrut da wannan awon suke ƙera nasu.

A cikin bututun wayoyi za su bi. Ku lura, ba kaurin waya ne ke ba da wahala ba, kan wayar ne, wato majonin da ke ƙarshenta. Kan wayar sadarwa ya kai kusan milimita 15, na na'urar radar ya fi haka. A bututu mai inci 1, in waya biyu ta riga ta shiga, kai na uku ba zai wuce ba. Dabara ita ce a fara zura mai babban kai, ƙanana su biyo baya, wayar wuta marar kai ta zo ƙarshe. A raba su ƙafa biyu in da hali. Ku bar siririyar igiya a ciki don aikin gaba.

Huda sitenlas sai da haƙuri. A buga masa alama da ɗan ƙarfe mai tsini don kada bakin huda ya zame. Baki mai kobalt, a fara da milimita 3, inji a hankali, a danna da ƙarfi, a riƙa ɗiga mai. In kuka ba shi gudu, ƙarfen zai yi zafi ya taurare, daga nan baki sai dai ya riƙa ƙugi yana ƙonewa. Bayan huji, a goge kaifin da magagari, a sa zoben roba. Kaifin nan shi ke yanka rigar waya sannu a hankali saboda girgizar inji.

Wasu sukan bi ta cikin ginshiƙin kansa. In ya zama dole, ku tuna akwai sarƙar sitiyari da haƙorinta a ciki, da igiyoyin ƙarfe na giya da totur. Waya ta shiga cikin tiyo, a ɗaure ta a jikin bango nesa da sarƙa. Wayar da ta faɗa haƙorin sarƙa ba allo kaɗai za ta kashe ba, tana iya cije sitiyari. Ginshiƙin kuma yawanci alminiyam ne, kusar sitenlas in ta shiga cikinsa da ruwan gishiri, cinye shi take yi har ta ƙi fita. A shafa man hana tsatsa irin su Tef-Gel ko Duralac a zaren kusar.

Inda waya za ta ratsa daɓen jirgi zuwa ƙasa, ku duba ko akwai katakon balsa a tsakanin faiba biyu. In akwai, a huda rami da ya fi wanda ake buƙata, a ƙwaƙule katakon kewaye, a toshe ƙasa da tef, a cika da gam ɗin efoksi. In ya bushe, a sake hudawa daidai. Ta haka ruwa ba zai taɓa katakon ba. Wajen liƙewa, tef ɗin butil ya wadatar. Kada ku sa gam ɗin 3M 5200, don ba ya ɓamɓaruwa, kuma na'ura aba ce da za a cire wata rana. Gam mai folisalfaid kuma yana lalata robar akwati. Kusoshin fuskar allo da hannu ake ɗaure su, a bi su a gicciye, har robar hana ruwa ta kwanta daidai. In aka matse fiye da kima, firam ya lanƙwashe, ruwa ya samu hanya. Kowace waya kuma a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga na'ura, ruwa ya ɗiga a can.

Sai wuta. Waya ta zama ta jan ƙarfe mai rufin kuza, mai silili da yawa. Ƙa'ida ita ce kada wutar da ke ɓacewa a hanya ta wuce kashi 3 cikin ɗari, wato bolt 0.36 a batir mai bolt 12. A ce allon yana jan amfiya 2, nisa daga allon fis mita 10. Zuwa da dawowa mita 20 ke nan. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 za ta zubar da kusan bolt 0.47, ta wuce iyaka. Mai 2.5 za ta zubar da kusan 0.28. Ita za ku saka. A jawo wutar daga batirin hidimar jirgi, kada a haɗa da na tayar da inji, in ba haka ba duk sanda aka murza makulli allon zai mutu ya sake tashi. Fis daidai da abin da littafi ya ce. Kusa da kamfas kuma a murɗe jar waya da baƙa tare kamar tufka, jan da kowacce ke yi ya kashe na 'yar'uwarta.

Na'urorin suna magana da juna ta tsarin NMEA 2000. Kamfanin Raymarine na kiran nasa SeaTalkNG, kawunansa daban ne, amma akwai wayar haɗi. Uwar waya ɗaya ce ke ratsa jirgi, kowace na'ura ta rataya da reshenta. Reshe kada ya wuce mita 6, jimillar rassa kada ta wuce mita 78. Shi ya sa a jirgi mai tsawo ake kawo uwar wayar har ƙarƙashin ginshiƙi, ko ma cikin akwatin. A kowane ƙarshe akwai toshiya mai om 120, wato awon tirjiyarta ga wuta. Biyu ne, ba ɗaya ba, ba uku ba. Ku kashe wuta, ku ɗora na'urar auna wuta tsakanin farar waya da shuɗiya na cikin uwar wayar. In kun ga om 60, daidai. In 120 ne, toshiya ɗaya ta ɓace ko layin ya katse. In 40 ne, an sa uku, wataƙila akwai wadda ke ɓoye a cikin wata na'ura, kamar ma'aunin iska na wasu kamfanoni. Wutar layin ta shiga ta wuri ɗaya kawai, kusa da tsakiya.

Kafin a rufe akwati, a kunna komai. A tayar da inji, a danna rediyo, a ga ko lambobi suna tsalle. Mutum ɗaya ya juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, wani yana ƙasa da tocila yana kallon sarƙa. A watsa wa akwatin ruwa da tiyo, a buɗe a duba. Sai a shiga saitin zurfi a gaya masa daga ina zai ƙirga, daga saman ruwa ko daga ƙasan jirgi, a tabbatar da awon ta hanyar zura igiya mai nauyi a bakinta cikin ruwa, a rubuta zaɓin a manna kusa da allon don duk wanda ya karɓi tuƙi ya sani. Fita ta farko kuma, a cikin ruwa mai kwanciya, a zagaya da jirgi a sake gwada kamfas a fuskoki takwas, na'urori a kunne, a rubuta bambancin kowace fuska a kati.