Daga Jinjiri Zuwa Ɗan Yaye

SADIYA: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Sadiya ce, ga Anti Rabi, ga kuma Auwal angon ƙarni, ya shigo mana ido ja wur.

AUWAL: Ai dole. Yau kwana 12 ke nan rabona da barcin kirki.

RABI: Kai da ba kai ke shayarwa ba? Ya mai jego, ya kuma baƙuwar tamu?

AUWAL: Suna lafiya, Anti. Sai dai ta wuce baƙunta, tun ranar bakwai aka raɗa mata suna. Sunan Hajiyarmu ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi.

RABI: Allah ya raya. Ka ga tun ba ta san hannunta ba ta zama uwarka.

SADIYA: To abin da ya tara mu ke nan. Jiya ƙawata ta tambaye ni watan ɗana nawa, sai da na tsaya lissafi da yatsu. Amma da ta tambayi kakarsa, amsa ɗaya ce: "Ai ya fara rarrafe." Shi ke nan, kowa ya gane.

RABI: Haka muka taso. Ƙirgen mako da wata aikin katin asibiti ne. Su a wurinsu kwana 28 na farko daban suke, sannan allurar rigakafi a mako 6, mako 10, mako 14, ta ƙyanda a wata 9. A cikin gida kuwa ba wanda ke riƙe da kalanda. Inda yaro yake a jikin uwarsa ake dubawa. Yana cinya? Yana baya? Ya sauka ƙasa? Ya saki nono?

AUWAL: To Anti, ni Ummi jaririya ce ko jinjinniya? Don Hajiya jinjinniya take cewa, matata kuma jaririya.

RABI: Duka biyun sun yi daidai. Amma a kunnena jinjiri ya fi ɗanye. Wanda fatarsa ke ja, cibiya ba ta daɗe da faɗuwa ba, in ka ɗauke shi sai ka tallafe wuya. Ba ka ji ana cewa jinjirin wata ba? Siririn nan na daren farko, wanda sai mai kaifin ido ke hangowa.

SADIYA: Kai, ban taɓa haɗa su ba! Ba a cewa jaririn wata kuwa.

RABI: Yawwa. Shi jariri yana da tsawon rai. Yaro na wata takwas, yana zaune daram, in ya yi kuka za ki ji an ce "ku ba jaririn nan nono".

SADIYA: Ni dai a gidanmu ba a rarrabewa, duk wadda ta zo baki ita ake faɗa.

RABI: Gidaje da yawa haka suke, ba zan yi miki musu ba. Wadda ba ta da musu ita ce bakwaini, wanda aka haifa watanninsa ba su cika ba. Daga bakwai aka samo ta. Kuma kalmar tana bin mutum. Ƙato da gemunsa, in ya cika gaggawa sai a ce "kai ko bakwaini ne?"

AUWAL: An sha faɗa mini, alhali watana tara cif.

SADIYA: Ni wadda ke ba ni sha'awa ita ce ɗanyen goyo. Mace ta ce "ba zan samu zuwa bikin ba, ina da ɗanyen goyo", ba mai sake ce mata uffan. Kamar takardar izini ce.

RABI: Kuma ki lura, ba ta ce yaro ba, ba ta ce yarinya ba, ba ta kama suna ba. Goyo kawai ta ce. An kira yaron da aikin da ake yi masa. In ɗan fari ne ma ai kin san uwar ba za ta taɓa faɗin sunansa ba, sai "yaron nan" ko "wannan".

AUWAL: Wannan kunyar kam ta fara ƙarewa. Matata a WhatsApp ta sa hoton Ummi da cikakken sunanta.

RABI: Mun gani, mun kau da kai.

SADIYA: Bayan rarrafe sai tata. Wannan kalmar ina sonta, don daga bakin manya ta fito. Ka riƙe hannayensa biyu kana ja da baya kana "ta-ta-ta", shi kuma yana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙaya.

AUWAL: A lokacin ne kuma yake gwaranci, ko?

SADIYA: E, amma ni kalmar nan tana ɗan yi mini ƙaiƙayi. Daga Gwari ta fito, sunan da Hausawa ke kiran Gbagyi da shi, wato wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Ina da maƙwabciya 'yar Gbagyi, ranar da na faɗa a gabanta sai da na ji nauyi.

RABI: Kin yi tunani. Da yawanmu ba ma jin asalin kalma in ta saba da baki.

AUWAL: Sai yaye.

RABI: Nan ne babbar iyaka. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. Da, in lokaci ya yi, sai a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka. Ya yi kukansa na kwana biyu uku, a lallashe shi da kunu da fura. In ya dawo ya nemi nono, a shafa maɗaci. Daga ranar ya zama ɗan yaye, zanen goyo ya koma jiran ƙaninsa. In kuwa ƙanin ya yi sauri, ciki ya shiga ana shayarwa, sai tsofaffi su fara ƙus-ƙus: ta yi kwanika.

SADIYA: Ita kaɗai, kamar mijin ba ya gidan.

RABI: Ke dai bari.

AUWAL: To yanzu duk an tattara an ce bebi. Bebi na ciki, bebi na goye, har budurwa mai shekara 25 bebi ce.

SADIYA: Gara mu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci bebe suke cewa. Wata ta taɓa ce wa kakata "ina beben naku?", tsohuwa ta tashi tsaye: "A'uzubillahi, jikana ras yake ji!"

RABI: Ni ban hana kowa bebi ba. Abin da na sani, in kika ce mini kina da bebi, sai na sake tambaya: yana zama? yana tafiya? In kika ce ɗanyen goyo ko ɗan yaye, na riga na san ko kina barci da dare.

AUWAL: Anti, ku yi haƙuri, mai jego ce ke kira. Wai kanwar kunu ta ƙare.

SADIYA: Tashi ka tafi, angon ƙarni. Masu sauraro, ku turo mana yadda ake faɗa a garinku, musamman mutanen Sakkwato da Katsina. Sai mako mai zuwa.